Gargaɗin da ya kwana a cikin samira

Shekarar da oganmu ya je kwas Abuja, ya dawo mana da sabuwar ɗariƙa ta aiki. Mu biyar ne a ofis mai ɗaki biyu a unguwar Gesse ta Birnin Kabi, muna haɗa manhajar waya. Ni ne mai zana fuskarta, wato ni ke yanke inda maɓalli zai zauna da launin da zai ɗauka. Oga ya ce daga yau aiki zango-zango ne, mako biyu-biyu, kuma kowace safiya akwai taro a tsaye na minti goma sha biyar, kowa ya faɗi abin da ya yi jiya da wanda zai yi yau. Wanda ya ƙirƙiro tsarin nan bai san mutanen Kabi ba. Kafin a gama ina kwana, ya gida, ya mai jiki, minti goma sun tafi, sauran biyar ɗin kuma a cinye su wajen musun wanda ya bar janareta ba mai.

Manhajar ta gargaɗin ambaliya ce. Masu duba gulbi a can sama su aiko labari in ruwan Rima ya taso, ita kuma ta sanar da manomin fadama, ya samu kwana biyu ko uku ya yanke shinkafarsa. Oga ya ce dole mu san wanda muke yi wa aikin. Sai muka samo hoton wani manomi a intanet, farar riga tas, ƙatuwar waya a hannu, yana murmushi a tsakiyar gona. Muka manna shi a bango, muka raɗa masa suna ba tare da rago ba. Duk wanda gardama ta kusa kayar da shi sai ya nuna bango ya ce ai manominmu ba zai so haka ba. Bawan Allah bai taɓa musa wa kowa ba.

Da aka zo gwaji da mutum mai rai, na ce a bar mini. Ina da kawu a Argungu, yayan mahaifiyata, gonarsa ɗaya ce a fadama, ita ce abincin gidansa na shekara. Na kai masa babbar waya daga ofis. Ƙarshen kowane zango in hau mota, mu zauna a zaurensa, in nuna masa a wayata abin da muka sauya.

“Kawu, ka gane nan?”

“Ya yi kyawo, Allah shi yi albarka.”

Na mai da maɓalli kore, ya yi kyawo. Na mai da shi ruwan ɗorawa, ya yi kyawo. Wata rana na yi kuskure na buɗe masa tsohon zane na wata biyu baya, ya gyaɗa kai ya ce wannan ya hi na da. A nan ya kamata in farga, amma yabo yana da daɗi, ni kuma ba na ƙin daɗi. Daga zaure sai in shiga ciki in gaida Inna, matarsa, in cika cikina da tuwon shinkafa, in dawo Birni in je allon aikinmu in cire ’yar takarda daga layin “ana gwaji” in manna ta a layin “an gama”.

Shi kansa gargaɗin ni na tsara shi, kuma na yi rigima a kansa. Abokan aikina sun so ja da jiniya. Na ce a’a, ba a tsorata mai waya. Na zana igiyar ruwa shuɗiya, na sa rubutun boko siriri a ƙasa, da ’yar ƙara kamar an taɓa kofi da cokali. Na nuna bango, manominmu ya yarda.

Ƙarshen damina ruwa ya taso. Saƙo ya tafi da saura kwana uku, kuma kwamfutarmu ta nuna an buɗe shi a wayar Kawu. Muka tafa wa juna, oga ya sayo lemo. Rana ta huɗu mahaifiyata ta kira ni, ta ce ruwa ya cinye gonar kawunka, shinkafa ta nuna ba a yanka ba.

Na same shi a zaure da masu jaje. Da suka watse na ce, “Kawu, ba ka ga saƙon ba?” Ya sa hannu a aljihu ya ciro ’yar rakani-kashi mai maɓallai, naɗe cikin leda, an ɗaure da roba.

“Wagga nika tahiya da ita hwadama. Taka mai tsada ta, in ta hwaɗa ruwa mi za ni ce maka?”

“To me ya sa ba ka taɓa faɗa mini ba?”

Ya dube ni kamar na tambaye shi dalilin yin alwala. “Ɗan ƙanwata ya yo abu da hannunai, ya hawo mota tun daga Birni, in ce mai bai yi ba?”

Na shiga ciki na tambayi inda babbar wayar take. Inna ta miƙe ta sauko da wata samira daga jeren kwanukanta, ta buɗe. Wayar na ciki a kan ƙyalle, ko ƙura babu. Ita ke kai ta caji, ita ke jin ƙararta, ita ta buɗe saƙon. Inna ta sauke Alƙur’ani, tana rubuta ajami, boko ne kawai ba ta yi ba.

“Na ji ta yi ’yar ƙara, na duba, na ga ruwa shuɗi mai kyawo,” in ji ta. “Na aza gaisuwa ka aiko muna.”

Na rasa inda zan sa idona. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba.

“Zuwanka nawa gidan ga?” ta ce, ba faɗa a muryarta. “Kullum ka shigo ka ci tuwona, wayar na bisa kanka. Ko sau guda ba ka tambai ni ba.”

Washegari a taron tsaye aka zo kaina, oga ya ce me na yi jiya. Na ce jiya na je jaje. Ya ce yau fa? Na juya na ɓamɓare hoton nan daga bango, na ce yau Argungu zan koma, cikin gida.