Muryar Inna a Ƙarƙashin Taɓarya

Na haura shekara hamsin ranar da na shiga wani shago a Dutse neman hedifon, irin manyan nan masu rufe kunne ruf, kuma har yau ban ga abin kunya a ciki ba. Yayana da muke maƙwabtaka a unguwar Takur ya ce girma ya faɗi, mace da jikoki ta kifa wannan abu a ka kamar matuƙin jirgi. Na ce ya bar ni, kowa ya san inda ke masa ƙaiƙayi.

Wani tsohon kaset ne ya kai ni. Tun ina yarinya, ana gobe sunan ɗan kawunmu, a ƙauyenmu na bayan Ringim, kawu ya ajiye rakoda a gindin turmi ya ɗauki mata suna lugude. Innarmu tana cikinsu. Ta rasu ina 'yar shekara tara, ba ta bar ko hoto ba, muryarta kuma ta ɓace mini tun tuni. An juye mini kaset ɗin a waya, amma lasifikar waya ba ta ba ni komai sai dukan turmi da hayaniya.

Mai shagon ya tambaya ko ɗana zan saya wa. Na ce kunnena zan saya wa. Ya miƙo wani baƙi mai laushi kamar sabuwar katifa, wai shi ake yayi. Daɗin sawa kam ba magana, ko ɗan kunnena bai taɓa ba. Amma da na kunna sai turmi ya cika mini kai, matan kuwa kamar an rufe su a rumbu. Ya so ya sa mini waƙar zamani in ji ƙarfinsa, na ce ba biki na zo ba.

Na biyun ni na nuna shi da kaina a saman kanta. Ya ce ba zai yi mini ba, na masu aikin situdiyo ne, ga matsi, ga shi ba ya ƙara wa sauti armashi, abin da ke ciki kawai yake fitarwa.

"Ai abin da ke cikin nake nema, Malam. Sauko da shi."

Gaskiyarsa, akwai matsi. Kwana ɗaya ke nan da aka yi mini shuku, an tattara kitson a tsakiyar kai, daidai inda ƙarfen yake zama. Ya danne tushen gashi har ƙwalla ta taru mini. Na zare 'yan kunne na ajiye, na gyara ɗankwali, na mayar da shi.

Sai ga tsakar gidanmu. Taɓarya uku na ji, kowace da nauyinta, da tafin da ake yi in an cilla ta sama, da kukan kaza can nesa. Ana cikin haka wata murya mai ɗan kaushi ta bar amshi ta ce, "Uwata, matsa baya, kar taɓarya ta same ki."

Sunan kakata aka sa mini, shi ya sa Inna ba ta taɓa kama sunana ba. Ita kaɗai ke ce mini Uwata. Na yi kuka a shagon mutane, ban kuma ba kowa haƙuri ba.

Mai shagon ya ce in dai sake tunani, wannan zai riƙa sa mini ciwon kai. Na saya. Daga can gidan makitsiya na zarce na ce ta tsefe. Ta yi ta mita a kan aikinta na jiya, na ce ta kwantar da shi baya, tsakiyar kaina ta yi mai ita.

Bayan kwana uku Yaya ya shigo da hantsi ya same ni a kan tabarma da abin a kai. Ya buɗe baki zai fara, na faɗa masa wadda nake saurare. Sai ya zauna a bakin tabarmar, ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa, ya miƙo hannu.

"Jira tukuna, Yaya," na ce. "Ba ta gama magana da ni ba."