Sammacin da Ya Zo wa Davi Sefako daga Lome

Davi Sefako ƙanwar mahaifiyata ce, sana'arta bandar kifi. Gidanta yana Aflao a Ghana, dab da wayar iyaka, amma tanderunta uku suna bakin teku ta ɓangaren Lome a Togo, inda ta gaje su daga uwar mijinta. Ta yi shekara talatin tana ƙetarawa safe da yamma da daro a kai, masu tsaron ƙofa duk sun san ta. Ba ta shakkar teku, ba ta shakkar masunta in sun bugu. Abu ɗaya ke kashe mata jiki: takarda mai hatimi. Tana ƙarama aka kawo wa mahaifinsu irinta, zamanin Turawa. Ya tafi amsa kira, sai bayan shekara biyu ya dawo ba haƙoran gaba, har ya mutu bai faɗi inda aka kai shi ba.

Wata rana da hantsi faɗa ya kaure tsakanin masunta a kan komar kamun kifi, aka maka wa wani filafili a ka, ya faɗi matacce. Cikin waɗanda aka kama har da Fo Dotse, magini mai gyaran tanderu. Lokacin da ake faɗan yana durƙushe a gaban Davi yana yaɓe mata tanderu. Ihu ya ji ya ruga, ya tarar an gama, ya ɗaga mutumin, jini ya ɓata masa riga.

Davi ta san wannan duka, ta ja bakinta ta yi shiru. Matar Dotse, Yawavi, ta zo mata sau biyu tana kuka, ita kuwa ta ce hayaƙi ya cika mata ido, ba ta ga komai ba. Haka aka yi wata bakwai.

Sai ga sammaci daga Lome. Ni ce malamar makaranta a dangi, ina ɗan jin Faransanci, don haka ni aka kira. Na tarar da takardar a ƙasa an danne ta da dutse, ba wanda ya yarda ya riƙe ta.

Na ce, "Davi, shaida kawai ake kiranki. Dotse ne ya ambaci sunanki."

Yayanta, Fo Agbeko, tsohon direba ne da ya san komai a duniya. Ya ce, "Ke malama, karatunki na allo ne. Can ba nan ba ne. A nan sai an tabbatar ka yi laifi. Can kuwa da ka sa ƙafa kai ne mai laifi, sai ka wanke kanka. Mai shaida ma rufe shi suke yi, don kada ya manta."

"Fo, ka taɓa shiga kotunsu?"

"Na sha ajiye mota a ƙofarta."

Ba wanda ya yi dariya. Davi ta ja ni ɗaki ta kwance wani ƙulli. Kati biyu ne a ciki, na zaɓen Ghana da sunan mahaifinta, da na Togo da mijinta ya yi mata kafin ya rasu. Ta ce, "Idan suka tambaye ni ni 'yar ina ce, me zan ce? Duk wanda na nuna, ɗayan ya zama ƙarya."

Kwana tara ba ta ƙetare iyaka ba.  In babur ya tsaya a ƙofar gida sai ta shige bayan randa. Ana saura kwana ɗaya a je kotu Yawavi ta zo, wannan karon ba kuka. Ta tsaya a tsakar gida ta ce, "Davi, ba roƙo na zo ba. Ƙafafunsa sun kumbura, ba ya iya tsayuwa. Na ce gara ki sani." Ta juya ta tafi.

Da safe Davi ta ɗaura zane biyu, ta ce ko za a kwantar da ita a kan siminti. Ta cire 'yan kunnenta ta damƙa mini, ta faɗa mini wadda za a ba tanderu. Ta riƙe hannuna har muka isa.

Sau ɗaya ta taɓa ganin kotu, a Denu ta ɓangaren Ghana, lokacin wata shari'ar gona: zaure cike da jama'a, alƙali yana can sama da farar hular gashi ya yi shiru, lauyoyi biyu suna fafatawa har ɗaya ya sa wani tsoho kuka. Abin da ta shirya wa ke nan. Amma a nan sai aka bi da mu wani dogon lungu, aka ce ni in zauna a benci, aka shigar da ita ɗaki ita kaɗai, aka rufe ƙofa. Abin da ya faru a ciki daga bakinta na ji, na kuma ji shi ya fi sau ɗari.

Tebur ne da fanka, da wani siririn mutum ba hula, da mace a gaban keken rubutu, da tafinta, domin alƙalin ɗan arewacin Togo ne, ba ya jin yarenmu. Da ta ga ba jama'a, ta ce a ranta Fo Agbeko ya yi gaskiya, a ɓoye ake gamawa da mutum. Aka sa ta rantsuwa. Da aka tambayi sunanta da shekarunta, sai ta zube katunan biyu a kan tebur.

Alƙalin ya duba ya ce, "Wannan ya ce hamsin da biyu, wannan hamsin da bakwai."

"Ranka ya daɗe, wanda ya fi maka, shi ne."

Ya tura mata su. "Mayar da kayanki, Inna. Ba wannan ke gabana ba."

"To ina wanda zai yi mini tsawa? Ina mutane?"

Ya ce, "Ni mai bincike ne. Ni ke neman abin da zai kama mutum, ni ke neman abin da zai wanke shi. In na ga akwai magana, sai a kai ta zaure gaban wasu alƙalai. Yanzu gaya mini inda Dotse yake da aka fara faɗa."

Ta faɗa, keken rubutu na ƙara. Da ta gama ya ce, "Me ya hana ki zuwa wata bakwai?"

"Tsoro, ranka ya daɗe."

Ya daɗe yana kallonta. Ta ce wannan kallon ya fi mata tsawar lauya zafi. Aka karanta mata maganarta, ta dangwala yatsa a kowane shafi. Ta fito, ba ta yarda an sake ta ba sai da muka ƙetare iyaka.

Ba a gama ba. An sake kiranta ta maimaita a gaban wani masunci da ya ce ya ga Dotse da filafili. Mutumin ya zuba mata jajayen idanu, ita kuwa ta kafa nata a ƙasa, amma ba ta sauya ko kalma ba. Daga baya alƙalin ya zo bakin teku da kansa, ya ga tanderun da aka bari rabi a yaɓe, ya sa aka auna tazara zuwa inda mutumin ya faɗi. Ranar mata masu banda duk suka watse, ita kaɗai ta tsaya, ta ce ƙafafunta ne suka ƙi gudu.

Bayan wata biyu aka sallami Dotse ba tare da an kai shi zaure ba. Ya fito da sanda, bai ƙara gini ba. Yana gaishe ta in sun haɗu, amma bai sake zama a inuwarta ba, ita ma ba ta taɓa neman ya zauna ba.

Ta yi shekara goma sha ɗaya bayan haka tana banda. Kowane ƙarshen wata takan cika kwando da kifi ta ba Yawavi ta kai gidan yari, a raba wa waɗanda ke jiran a saurare su. Ita kan raka ta har bakin titin, ta tsaya daga nesa, sai ta ga an karɓa sannan ta koma wurin wutarta.