Goggo Lami Mai Riƙon 'Ya'yan Fari

Ni dai ban taɓa son Goggo Lami ba, kuma ta sani. A Gwandu aka haife ta, aure ya kawo ta Diggi, mijin ya rasu bai bar mata ɗa ba. Tun daga nan ta zauna da tukunyar daddawarta da riƙon 'ya'yan dangi. Duk ɗan farin da aka yaye, ita ke zuwa da zanin goyo ta ɗauke, don a wurinmu kunya ba ta barin uwa ta nuna kulawa ga ɗan fari, ko sunansa ba ta faɗa. Lami ta san haka, kuma da shi take cin karenta ba babbaka.

Haka ta karɓi Mubaraka, 'yar yayata Surayya, don Lami ce babbar yayar mahaifin yarinyar.

Da daminar bana ƙuraje suka fito wa Mubaraka a gefen hanci da baki, masu ruwa, in sun fashe su yi ɓawo kalar zuma. Lami ta ce zafin jini ne. Ta kwaɓa toka da man shanu ta lafta mata, ta share hannu da gefen zani, da shi kuma take share majinar duk yaran gidan. Kafin kasuwa ta zagayo, yara uku na susa. Maƙwabta suka hana 'ya'yansu shiga.

Surayya kan wuce da tulu ta saci kallon 'yarta, ƙudaje na bin fuskar, ta dawo ta ƙi cin abinci. Na ce ta yi magana, ta ce da wane baki? Ranar da ƙurajen suka kai fatar ido sai ta ajiye tulun, ta shiga babu sallama, ta sunkuci yarinyar.

"Ke, mi kika yi haka?" in ji Lami. "Ɗiyar fari kika ɗauka gaban mutane? Wanga rashin kunya ba mu gan shi ga uwarki ba."

"Idonta za shi lalace, Goggo."

"Na riƙa ubanta bai makance ba."

Muka hau mashin zuwa Kalgo. Ma'aikaciyar asibiti ta wanke wurin, ta ba da maganin shafawa, ta ce a ware wa yarinyar tsumma da tabarma. Cikin 'yan kwanaki ɓawon ya zube. Lami kuwa ta bi gida-gida tana yaɗa zancen, har mata suka riƙa yin shiru in Surayya ta iso rijiya. Yaran da ke hannun Lami kuma har yau toka take shafa musu.

Da fuskar ta warke, Surayya ta yi wa Mubaraka wanka, ta zaunar da ita a cinya, abin da ba ta yi ba tun yaye. Yarinyar ta zame ta tsaya bakin ƙofa.

"Surayya, na warke," ta ce. "Ki mai da ni wurin innata."