Ufar Da Ta Cinye Mani Albasa

Har yau in mota ta wuce ƙofar gidana a Gehuru tana dum-dum-dum, ƙasa na rawa, sai in ajiye butar alwala in raka ta da harara har ta ɓace. Ba direban nake harara ba. Mutum biyu nake tunawa: taubashina na Giwa Tazo, da wani mai riwaya, wato mai gyaran wayoyin mota, a Jega.

Ni boko ban daɗe cikinta ba. Malam ya duba ni, na duba shi, munka gane ba mu da rabon zama tare. Noman albasa na sani, shi ya saya mani tsohuwar mota, irin wadda sai an tokare ƙofa da gwiwa kafin ta rufu. Rediyonta na asali ne, wanda ta zo da shi, yana cin kaset ɗina na gangar noma ba gardama. Ban taɓa ganin laifinsa ba sai ranar da na rage wa taubashin nan hanya.

Ya karkata kunne ya ce, "Bawana, mi ke kuka cikin wagga mota? Sauro ya faɗa tulu?"

Na ce, "Gangar noma ce, kurman banza."

"Wagga ganga ko kaza ba ta tayarwa. Motar ɗana in ta taso daga Maiyama, tun ba a gan ta ba ake shimfiɗa mishi tabarma."

Da a mota ya bar maganar da na haƙura. Sai ya kai ta wurin suna, ya toshe hanci yana kwaikwayon rediyona, dattawa na ta dariya har da share hawaye. Ranar kasuwar Jega ta gaba, ni da furfurata, ina rumfar mai riwaya.

Mutumin ya leƙa ya ce, "Baba, rediyonka lafiya lau, ba za mu cire shi ba. Ƙarfi ne babu. Amfilifaya za mu ƙara mishi, da ufa."

Amfilifaya wani ƙarfe ne shimfiɗaɗɗe kamar faranti, shi ke ƙara wa sauti ƙarfi. Ufa kuwa akwatin katako ce da ƙatuwar sifika, ita ke yin rugugin. Ya jawo jar waya mai kauri tun daga batir, ya bi da ita ƙarƙashin kafet har cikin but, wurin kaya na bayan mota, ya ɗaure amfilifaya da kusoshi a ƙasan but ɗin. Na ga wani ɗan abu ya rage cikin kwali, na tambaya.

Ya ce, "Fis ne, Baba, na matsorata. Yawan yankewa gare shi, ya hana ka jin daɗi." Ya jefa shi cikin gwangwanin kusoshinsa.

Na ce, "Ka ga, but ɗin nan kayan gona nake sa mata."

"Ko jaki ka ɗora."

Abin da ya ce ke nan, Allah shaida. Bai ce komai a kan ruwa ba.

Da ya kunna, madubi ya kama kyarma, ganga ta daki ƙirjina har na ji ta a haƙorana da sunka rage. Ban ko je gida ba, na miƙe Giwa Tazo, na tsaya ƙofar taubashina na ƙure murya, jakinsa ya tsinke igiya. Da na koma gida uwargida ta tsaya da muciya a hannu ta ce, "Malam, kai ne? Na ɗauka 'yan siyasa sunka zo." Na ƙara wa ganga murya. Daɗi nake ji.

Sai lokacin dashe ya zo. Shekarar nan irin da na yafa tsutsa ta cinye shi, kuma duk wanda ya san albasa ya san in ka makara da dashe, shekara ta wuce ka. Na yi ta nema har wani abokina a Kashin Zama ya ce yana da saura, shi ne na ƙarshe, in zo in cire. Na bar fangalina a fadama an gyara an ba shi ruwa, 'yan ƙwadago na zaune suna jirana.

Munka ciro dashen, kore shar, munka ɗaure dami-dami, na cika but da shi, kewayen ufa da bisa amfilifaya. Sannan na yi abin da kowa ke yi, abin da mahaifina ke yi tun ana ɗora dashe a mangala: na rufe da jiƙaƙƙen buhu, na yayyafa ruwa. Da na iso Aliero na ga rana ta yi zafi, na tsaya na roƙi bokiti na ƙara masa sosai. Wa ke barin dashe da ƙishirwa?

Na kama hanyar Jega, ganga na dukan baya, ina kaɗa kai. Sai na ji ƙamshi, na ce wata baiwar Allah na suyar albasa a wannan daji. Ganga ta yi tari, ta yi shiru. Hayaƙi ya taso daga ƙarƙashin kujerata, mota ta mutu. Na yi tsalle irin wanda rabona da shi tun ina saurayi, na buɗe gaba na daki kan batir da dutse har wayar ta fita.

Jar wayar nan ta narke tun daga gaba har baya, ta ƙone 'yan uwanta da ke kusa. Na buɗe but, tururi ya bugi fuskata. Dashen da ke bisa amfilifaya ya dahu. Sauran na zube shi gefen hanya, ba inuwa, ba ɗigon ruwa, don duk na juye wa ƙarfe.

Na kira mai riwaya a waya.

Ya ce, "Baba, ruwa ka zuba wa amfilifaya? Shuka ce?"

"Ka gaya mani ba ta son ruwa?"

"Ai ban san ban-ruwa za ka yi mata ba."

"To fis ɗin da ka jefa cikin gwangwani fa, ɗan nema?"

Sai ya ce ba ya jina sosai, waya ta yanke. Daga baya wani makanike ya tabbatar mani, da fis ɗin na wurinsa, shi kaɗai zai ƙone, ganga ta yi shiru, mota ta kai ni gida. Ɗan abu kamar ƙwayar dabino!

Motoci na wucewa shaƙe da kaya, ba mai wurin ɗaukar tsoho da damman dashe. Na tuɓe rigata na rufa musu, na zauna da singileti ina kallon ganyen na laushi. Kafin in sami mai a-kori-kura ya kwashe mu, rana ta yi ƙasa, 'yan ƙwadago sun watse, dashen ya koma kamar dafaffiyar rama. Washegari na dasa abin da ke da sauran rai. Kaɗan ya kama, shi ma ƙanana ya yi. Na sake zagaya ƙauyuka, ba wanda ya rage da iri.

Da anka yi girbi, maƙwabta na cika rudu, wato ɗakin karan da muke ajiyar albasa har ta yi daraja, nawa iska ke wasa ciki. Na kinkimi ufar na kai ta can na ajiye a tsakiya.

Taubashina ya zo, ya leƙa, ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Bawana, barka da arziki. Bana guda ɗaya ka noma, amma ta yi girma." Sannan, ba kunya, ya ce tun da ba ni amfani da ita, in ba ɗansa ya ƙara a motarsa.

Na ce ya fita mani daga gida kafin in ɗauko fartanya. Ufa tana nan cikin rudu, gara ta fara cin gindinta, kuma ba mai taɓa ta sai ta gama. Rediyon asali kuwa ko ƙwarzane bai yi ba. Da anka gyara wayoyin, a wani gareji daban, ya ci gaba da kukan sauronsa. Shi nake saurare, kuma duk wanda bai ji ba ya sauka ya taka da ƙafa.