Faransancin da Ya Raba Mu da Ɗiyarmu

Ranar sunan ɗan yayana na biyu ba za ta taɓa fita daga raina ba, kuma ni ma ba na son ta fita. Shekaru sun wuce, amma duk sanda na tuna ta sai in ji zuciyata tana tafarfasa kamar ɗazu abin ya faru.

Ƙauyenmu yana gefen Belbeji. Shekarar da yayana ya dawo daga haƙar zinariya a arewa, ya zo da tele da parabol mai kamo tashoshin waje da pano mai ɗaukar wutar rana. Batirin tsoho ne, ba ya riƙe wuta, don haka telen ba ta aiki sai rana ta take. Wato daidai lokacin da maza suke gona, mata suna rijiya ko suna surfe. Wa ya rage a gida? Yara. Su kaɗai a gaban akwati, daga hantsi har la'asar, suna kallon finafinan waje da aka juya zuwa Faransanci, na rungume-rungume da zage-zage.

Yayana kuwa murna yake. Cewa yake, "Ku bar su su kalla. Haka za su iya Faransanci tun ba su shiga makarantar lakwal ba. Ni rashinsa ya sa kowane shingen jandarma sai an daka mini tsawa kamar jaki." Duk gidan ba mai jin Faransanci sai ni, ni kuma ina kwalej a Tanout, sai hutu nake zuwa.

Ɗiyarsa ta fari a lokacin ba ta kai shiga lakwal ba. Yarinya ce mai kai kamar me, abu ɗaya za ta ji ta riƙe. Washegarin da na zo hutu na same ta a garke tana yi wa akuya faɗa da Faransanci, hannu a ƙugu. Na tsaya na saurara. Ashar ne tsagwaronsa, na uwa, irin wanda ko ƙattin ajinmu ba sa yi sai sun duba ba malami a kusa.

Ban jira komai ba na nufi yayana. Na ce, "Yaya, ka san abin da ɗiyarka take faɗi?"

Ya ce, "Faransanci mana."

"Zagi ne. Batsa ce."

Ya yi dariya har da buga ƙafa. "Ke dai baƙin ciki kike yi, kin ga za a kamo ki ba a je kwalej ba."

Innarmu tana tankaɗe, ta ɗago ta ce, "To fassara mana mu ji, 'yar boko." Nan bakina ya mutu. Ta yaya zan dubi idon uwar da ta haife ni in furta wannan magana da Hausa? Shirun nawa suka ɗauka shaida ce ƙarya nake. Inna ta ce, "Kin gani? Zafin kanki ne kawai." Na je na tsinke wayar telen. Yayana ya ɗaure abarsa, ya ce ranar da na sayi tawa sai in kashe.

Ana nan matarsa ta haihu. Ranar suna surukinsa ya zo daga Tanout, tsohon malamin lakwal ne da ya yi ritaya, dattijo mai nutsuwa da ba ka jin muryarsa sama. Bayan an shafa fatiha an raba goro da dabino, ya shigo cikin gida ganin jariri. Aka shimfiɗa masa tabarma a inuwa, mata sun cika tsakar gida. Ya hango jikarsa, ya fara wasan da kakanni suke yi.

"Ina matata? Zo nan. Ko kin yi sabon miji ne ban sani ba?"

Ta ce, "Ni ba na son tsoho mai furfura." Aka tuntsire da dariya.

Sai Inna ta ce, "Yi wa mijinki Faransanci ya ji, ai shi malami ne."

Ina riƙe da ƙwaryar fura a lokacin. Na ce, "Inna, a'a!" Ina, an riga an makara. Yarinya ta miƙe, ta zame rigarta daga kafaɗa ɗaya yadda ta ga ana yi, ta karkace, ta nuna kakanta da yatsa, ta sauke masa duka. Ba ta yi tuntuɓen kalma ko ɗaya ba. Mata suka hau tafi, wata har da guɗa. Wallahi har yau in na tuna wannan guɗar sai in ji kamar in shaƙe wani.

Dattijon bai yi dariya ba. Ya cire tabarau, ya jawo ta kusa, ya ce a hankali, "Wa ya koya miki?"

Ta ce, "Matar cikin tele."

Ya sa aka kira yayana. Ya zo ya durƙusa daga nesa, kai ƙasa, kamar yadda ake yi gaban suruki. Dattijo ya ce, "Ka san abin da ta ce mini?" Ya ce, "A'a, Baba." Abin da na kasa faɗi, shi ya faɗe shi da Hausa, kalma bayan kalma, gaban kowa. Mai guɗar ta ja mayafi ta rufe fuska. Daga cikin ɗaki muka ji maijego ta fashe da kuka.

Ka san abin da yayana ya yi? Igiyar ɗaure akuya ya fizgo, ya hau yarinyar da duka. Ban san sanda na yar da ƙwaryar na shiga tsakani ba, igiyar ta sauka a damtsena. Na ce, "Wallahi ba ka ƙara taɓa ta! Kai ka kunna, kai ka yi tafi, ita za ka doka? Ga telen can, je ka doke ta!" Ban taɓa yi masa magana haka ba, kuma ban yi nadama ba.

Dattijo ya tashi ya sa takalmansa. Ya ce, "Ba ita ta zage ni ba. Ku haɗa mata kayanta, da ita zan koma. Ba roƙo nake ba." Wa yake da bakin musu? Da la'asar ni na ɗauke ta zuwa bakin hanya, jikinta duk sawun igiya. Kafin a sa ta a mota ta riƙe wuyana ta ce, "Gwaggo, ban faɗa daidai ba ne?"

A Tanout ta girma. Da aka sa ta lakwal, ta daɗe ba ta yarda ta buɗe baki a aji ba, don a wurinta Faransanci shi ne abin da ake dukan mutum a kansa. Yanzu sai da salla take zuwa gidanmu, ta gaida ubanta kamar baƙo, ta koma gefe ta zauna. Telen kuwa an kashe ta ranar sunan, amma ba a yi mako ba aka sake kunna ta, 'ya'yan maƙwabta suka cika ɗakin.

Ina jin haushin masu shirya wannan ƙazanta, da masu watsa ta da rana tsaka sun san yara ne a gida. Amma su ba su san ƙofar gidanmu ba, mu muka sayo muka kafa. Abin da na koya shi ne, duk abin da ba ka fahimta ba, kada ka bar ɗanka da shi ka tafi gona. In ba za ka zauna ka kalla tare da shi ba, kashe. Yaro ba ya tacewa, haɗiyewa yake, kuma ranar da ya amayar gaban mutane, babba ne ya kamata ya sha igiyar.