Shanyar Dominic a Tsohon Kanal

Ran Talatar nan Dominic ya riga kowa tashi, ya share tsakar gida, ya sha koko a tsaye. Da gari ya waye ya taɓa kafaɗar mahaifiyarsa, Clara, ya nuna mata ƙofa. Sallamarsa ke nan kullum. Da hantsi ya isa kanal ya baza barkono. Wajen sha ɗaya wata mai tallar awara ta gan shi yana juya shanya da manjagara. Da rana ta take ya shiga kwalbati ya kwanta a inuwa. Bai fito da rai ba.

Ɗana ne na fari. Sanƙarau ya tafi da jinsa yana ɗan shekara huɗu. Ya gama makarantar kurame, kuma ya fi yawancin ɗaliban da na koyar a sakandare iya lissafi. Na zaga da shi ofis-ofis daga Samaru har Sabon Gari. Sai a duba takardunsa, a dube ni, a ce, "Allah sarki, Malam."

Kanal ɗin shi ya samo wa kansa. Reshe ne na wata hanyar ruwan noman rani, an daina sakar masa ruwa tun kafin a haifi Dominic. Yana bi ta bayan Bomo, ya ratsa gonakin masara, ya kewaye wata tsohuwar tsamiya, ya shige ƙarƙashin hanya ta wani dogon kwalbati mai duhu, sannan ya ɓace a fadama. Ciyawa ta cinye mafi yawansa, amma dab da kwalbatin siminti bai fashe ba. Nan ya share, ya riƙa karɓar ɗanyen barkono daga manoma yana shanya musu. Barkonon da ya shanya ba ya kwasar ƙasa. Shekara bakwai bai roƙe ni ko sabulu ba.

Da rani masu farautar gafiya kan bi kanal ɗin. Sukan toshe bakin kwalbati ɗaya da duwatsu da laka, su bar 'yar kafa, su tara kara a ɗaya bakin, su watsa barkono, su kunna, hayaƙi ya cika ciki. Suna da doka guda: kafin a ƙyasta ashana, sai an duƙa an yi kira sau uku. Mutanen Bomo sun san Dominic, su da dutse suke jifa ciki. Waɗanda suka zo ran Talatar baƙi ne daga wani ƙauye. Sun ga shanya ba mai ita, suka ce ya tafi cin abinci, suka ɗebi barkonon da suke bukata, suka kunna wuta a bakin kwalbatin.

Abu ɗaya na nema: wani ya ce ya yi laifi. Aka zauna gaban dattawa. Babban mafarautan ya ce, "Malam, wallahi mun yi kira. Har muryata ta dushe."

Na ce, "Kurma ne."

"To mu muka toshe masa kunne?"

Wani ya yi dariya, aka tsawata masa. Wani dattijo ya juyo gare ni. "Kai ma, Malam, da duk bokonka, ka bar kurma shi kaɗai a daji?" Aka yanke cewa an bi doka. Aka ce in yi haƙuri, aka tashi.

Tufafinsa mun kai coci. Litattafansa na mayar makarantar kurame. Clara ta hana a taɓa bargonsa. Yana da wata babbar tocila mai caji, ƙaninsa ya kai ta wajen wani mai saye da sayarwa a Muchia don kada uwar ta riƙa ganinta. Bayan sati biyu na wuce ta wajen, na tambaya. Mai shagon ya ce an saye. Wani mafarauci ne, in ji shi, ya ce yanzu kira kaɗai ba ya isa.