Ɗorawar Inna

Gonar gidanmu tana bayan garin Wudil, a hanyar Kausani. Kakan kakanmu ne ya sare dajin, tun ba a fara rubuta wa ƙasa takarda ba. Shi ya sa da gwamnatin jiha ta zo ta kafa turaku ta ce za ta gina makaranta a wurin, ba mu da shaida sai dagaci da tsofaffin da suka san iyaka. Lokacin ina firamare. Ban san mece ce diyya ba, na dai san Baba ya sayi sabuwar hula saboda zirga-zirgar Kano, kuma har hular ta koɗe magana ba ta ƙare ba.

Ni ba gonar ce ta dame ni ba. A tsakiyarta akwai wata ɗorawa, kuma ba ta mazan gidan ba ce, ta Inna ce, mahaifiyar Baba. A wajenmu itace yana iya zama na wani, ƙasar da yake kai ta wani. Surukarta ce ta ba ta ita ranar da ta haifi Baba, kuma shi kansa Baban bai isa ya tsinki ko ɗaya ba sai ya tambaya.

Da bazara Inna za ta ɗauki ƙugiya, mu jikoki mu bi ta da kwanduna. Muna tsinta muna ci, mu dawo gida bakinmu duk rawayan gari, mu rantse ba mu taɓa ba. Sai ta dafa kalwa ta rufe ta a ɗakinta har ta ruɓa. Warin nan kan kore mu waje, tana yi mana tsiya wai masu toshe hanci su ne masu neman ƙarin miya. Ba a taɓa sayen daddawa a gidanmu ba, Inna kuwa ba ta gajiya da faɗin haka. Wallahi ina kewar warin nan.

Shekaru suka wuce ba a aza ko bulo ba, muna ta ɗiban ɗorawarmu. Sai da na yi aure aka daidaita a ƙofar gidan hakimi: gwamnati ta karɓi gona, ta ba iyayenmu maza fulotai a Sabon Garin Wudil. Suka dawo ana ta barka da arziki. Inna tana kan tabarma, ta bari hayaniya ta lafa.

“Ɗorawar fa?”

Baba ya cire hula ya mayar. Ashe an haɗa itatuwa da ƙasa a dunƙule, kuma duk cikin mazan nan masu manyan riguna babu wanda ya tuna. Ƙanen Baba ya ce ai an riga an sa hannu. Inna ta ce ita ba ta aiki kowa ba.

Washegari ta yafa mayafi ta ce in raka ta inda ake haƙa tushen katanga. Na tafi da bakina a washe, don ni ba a san ni da haƙuri ba. Sai ga jami'in filayen, wani matashi, ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ta, duk ya kashe mini jiki. Ya saurare ta tsaf, ya ce shi ma kakarsa tana da irin wannan itacen a ƙauyensu. Abin da aka sa wa hannu ya fi ƙarfinsa, amma zai hana a sare ɗorawar, kuma zai yi wa maigadi magana.

“Muddin kina raye, Inna, taki ce. Ki shigo ki ɗiba.”

“To, ɗan nan, ka jawo wa kanka,” in ji ta. “Ba sauri nake yi ba.”

Ba ta yi saurin ba kuwa. Duk bazara maigadi ya buɗe mata ƙofa, duk bazara ya samu curin daddawarsa. 'Yan makaranta ba su san sunanta ba, mai ɗorawa kawai suke ce mata. Da ƙarfinta ya ƙare ni nake riƙe ƙugiya, tana zaune a inuwa tana faɗa wai ina kakkaɓo ɗanye.

Bazarar da ta biyo bayan rasuwarta na ɗauki ƙugiyar na tafi ni kaɗai. Na tarar an sauya maigadi. Ya tambaye ni wurin wa na zo, na ce ni ce jikar mai ɗorawa. Ya waiwaya ya dubi itacen, ya dube ni, babu wulaƙanci a fuskarsa.

“Hajiya, ai wannan ta gwamnati ce.”

Na buɗe baki zan yi masifa, sai na tuna cewa da kunnena na ji sharaɗin da aka yi. Ta saman katanga ina hango 'ya'yan sun nuna sun yi baƙi, babu mai tsinka. Ran nan Juma'a ce, kasuwa tana ci. Na ratsa layin masu kayan miya riƙe da ƙugiya, na tsaya gaban mai daddawa. Ta ce in taya, ni kuwa ban san yadda ake tayawa ba.